Neman kalma: me za mu kira sabon gunkin Girka da aka yi a kamannin tsoho?

Mai fassara: Malamai, a taimaka da kalma. Gumakan Girka da Rum da ake sake yi a yau, Turawa suna ce musu "replica". Jabu ko kwafi?

Malamar tarihi: Jabu bai shiga nan ba, Malam, jabu sai da niyyar cuta. 'Yan matan dutse shida da ke ɗauke da rufin shirayin tsohon haikalin Erektiyon a Atina duk sabbi ne, kuma ba a ɓoye wa kowa ba. Biyar na asali suna gidan tarihin Akrofolis, ɗaya tana Landan. Gurɓatacciyar iska ce ke cin dutsen, shi ya sa aka shigar da biyar ɗin ciki.

Maƙerin zubi: Gaskiya ne, Hajiya, amma kwafi ya yi faɗi. Wanda aka ɗauko daga jikin na asali zubi ne, kamar yadda muke cewa tukunyar zubi. Ana shafa wa gunkin maganin hana mannewa, a lulluɓe shi da robar silikon, a ɗora mata ɓawon filasta gunduwa-gunduwa don ta riƙe siffa. Wannan shi ne mazubin. Kwaɓin kuwa awon nauyi ne, filasta kashi 100, ruwa wajen 70, kuma garin ake barbaɗawa cikin ruwan. In aka yi akasin haka, sai gudaji. Cikin rabin awa ya ɗau ɗumi ya kama. Inda ake shan kunya lungunan gashi ne da ninkin tufa: iska ta maƙale, a buɗe a tarar da ramuka. In gunduwoyin ba su zauna daidai ba, layin haɗi ya fito a fuska. Masana'antar zubin filasta ta Balin a Jamus tana aikin zubi tun 1819.

Malamar tarihi: To, a bar wa kwafi wanda aka sassaƙa a sabon dutse da awon ɗigo-ɗigo, wato a auna wurare a jikin na asali a maida su kan sabon. Rumawa ma sun yi, gunkin Afolo na Belbedere da ke Batikan kwafin na tagulla ne da ya ɓace.

Mai fassara: Atena, abar bautar Girkawan dā, wadda aka sake yi a Nashbil a Amurka fa?

Malamar tarihi: Ita ba ta shiga ko ɗaya. Ta asali, wadda masassaƙi Fidiyas ya yi da zinariya da hauren giwa wajen 438 kafin Miladiyya, ta salwanta, babu jikin da za a ɗauki mazubi. Alan LeQuire ya bi bayanin marubutan dā da ƙananan kwafi, ya kammala a 1990, tsayinta kusan mita 13, aka shafa mata zinariya a 2002. Ni dai "sake-ƙira" zan ce.

Maƙerin zubi: Na yarda. Sai dai a rubutu a bar "gunki" ga wanda aka bauta wa, na gidan kallo a ce mutum-mutumi.

Mai fassara: Na gode, malamai. Na rubuta uku: zubi, kwafi, sake-ƙira. Ta ukun ba ta kwanta min a baki ba tukuna, mai wata ya kawo.