Neman Shawara Kan Gano Hotunan Bogi a Buƙatun Garantin Mota

Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen garanti na wani kamfanin sayar da motoci, inda garejoji ke turo mana hotunan kayan da suka lalace kafin mu biya kuɗin gyara. Kwanan nan hoton wani lagireto da ya tsage ya zo mana da sunan motoci daban-daban, an ɗan yanke gefensa kawai, amma tabon tsatsar da ke kusa da murfin yana nan daram a wurinsa.

Bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke ajiyewa a cikin fayil ɗin hoto kamar ranar da aka ɗauke shi, ba su taimaka ba, domin WhatsApp yana goge su idan an tura hoto yadda aka saba. Kwatanta fayiloli da SHA-256, wato lissafin da ke fitar wa kowane fayil lambar shaida daga abin da ke cikinsa, ma bai yi amfani ba, tunda ƙaramin canji yana sauya sakamakon gaba ɗaya. Lambar VIN kuma, wato lambar shaidar da ke bambanta kowace mota da sauran, tana gindin gilashin gaba, ba ta fitowa tare da injin a hoto ɗaya.

Don Allah, wace manhaja ce ke gane hoto ko da an yanke shi ko an rage girmansa? Shin tilasta ɗaukar bidiyo daga lambar har zuwa injin zai rage wannan ha'inci ba tare da wahalar da makanikai masu gaskiya ba?