An wanke Alhaji ko sallamarsa aka yi?

Ɗan Jekadafari: Jama'a, raina ya ɓaci kuma sai na faɗa. Sati 13 muna bin shirin fim ɗin nan mai dogon zango, ranar da za a sake shi tun la'asar ake cika waya da caji a sayi data. Sai a kashi na ƙarshe me aka ba mu? Kotu ta wanke Alhaji tas daga kisan yaron shagonsa, ya fito yana ɗaga wa 'yan jarida hannu. Direbansa, mutum ɗaya tilo da ya ga abin da ya faru, an harbe shi a cikin sito. Sufeto na durƙushe a kansa yana naɗar maganarsa a waya, muka ji ƙarar bindiga, allo ya yi baƙi, wai mu tara a zango na biyu. Wannan yaudarar 'yan kallo ce. Marubucin ya ƙulla abin da ya kasa kwancewa, shi ya sa ya kashe fitila ya gudu. Duk wanda ya ga ba haka ba ne ya fito.

Barista: Ƙanena, gyara kalma ɗaya tukuna. Ba a wanke Alhaji ba, sallamarsa aka yi, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai yawa. Wankewa ita ce a saurari shaidu, alƙali ya auna hujja, ya ce ba a tabbatar da laifi ba. Wanda aka yi wa haka, sashe na 36, ƙaramin sashe na 9 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a sake gurfanar da shi kan wannan laifin, sai dai da umarnin kotun da ke sama. Sallama kuwa, idan don masu gabatar da ƙara sun yi sakaci ne aka kori ƙarar, gobe ma ana iya sake kama shi a shigar da sabuwar tuhuma. A shirin, sau uku ana ɗage zama saboda ba a kawo direba ba. Alƙali ya gaji ya kori ƙarar. Tsugune ba ta ƙare wa Alhaji ba.

Ɗan Jekadafari: Yaya Barista, mutum ya koma gidansa ya kwana a kan katifarsa. Ka kira shi duk sunan da ka ga dama.

Baba Magatakarda: Barista, ɗana, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ba kowace sallama ce ake iya dawowa a kanta ba. Idan masu ƙara sun kira shaidunsu sun rufe, lauyan wanda ake tuhuma ya tashi ya ce babu abin da zai sa wanda yake karewa ya buɗe baki ya kare kansa, alƙali kuma ya yarda, to wannan wankewa ce, ko da kalmar sallama kawai ya furta. Ka tuna kashi na 11. An kira likitan da ya duba gawa, an kira ɗan sandan da ya yi bincike, an yi musu tambayoyin ƙure. Shari'a ta riga ta yi nisa. Wannan ba ƙarar da aka kora tun a bakin ƙofa ba ce.

Barista: Ranka ya daɗe, shaidu biyu suka kira amma ba su rufe ba. Lauyar gwamnati ta faɗa da bakinta cewa saura shaida na uku.

Baba Magatakarda: In suka yi ta jan ƙafa, alƙali na da ikon rufe musu. Abin dubawa shi ne me ya rubuta a littafinsa, kuma ba a nuna mana ba.

Maman Biyu Pantami: Ni da kunnena na ji ya ce "na wanke shi". Minti na 38. Ku koma ku saurara.

Barista: Hajiya, na maimaita wurin sau huɗu. "Na sallame shi" ya ce.

Maman Biyu Pantami: To fassarar Turancin da ke ƙasan allo fa? Kalmomi biyu aka rubuta, ba ɗaya ba. Wani ya turo hoton a wani zauren jiya, na gani.

Barista: Turo mana shi nan.

Maman Biyu Pantami: An goge, amma na gani.

Mai Haɗa Hoto: Dalilin da ya sa kowa ya ji abin da ya ji, matsalar sauti ce. A wurin nan an ɗaga kiɗa daidai lokacin da alƙali ke magana. Ƙa'idar aikin ita ce in mutum zai yi magana a sauke kiɗa sosai ƙasa da muryarsa, in ya gama a mayar. Su sun yi akasin haka don a tayar wa mai kallo da hankali. Sannan ɗakin da aka mayar kotu babu labule babu kafet, kuma da alama makirfon da ke kan kyamara aka dogara da shi, ba a maƙala wa alƙali ƙarami a wuyan riga ba, shi ya sa murya ke amsa kuwwa. Ga kuma guduma da ya buga a kan kalmar ƙarshe. A lasifikar waya ba za ka raba "sallame" da "wanke" a nan ba, sai da abin kunne. Ita kuma fassarar ƙasan allo ba hujja ba ce, galibi wani daban ake ba ya rubuta bayan an gama haɗa hoto, wani lokacin ma bai ga rubutun labarin ba.

Maman Biyu Pantami: Kai dama duk abin da Barista ya faɗa shi kake bi.

Mai Haɗa Hoto: Anti, ban ce ga wanda ya yi daidai ba. Cewa na yi ba a jin kalmar.

Ɗan Jekadafari: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Ni maganar baƙin allo na kawo.

Barista: Ai a nan take, ƙanena. In sallama ce, muryar direban da Sufeto ya naɗa tana da amfani. Sashe na 40 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi furucin da mutum ya yi kan sanadin mutuwarsa, muddin ya yi shi yana ganin ajali ya matso. Sai dai sharuɗɗa biyu. Dole ya mutu, in ya rayu sai ya zo kotu da ƙafarsa ya ba da shaida. Sannan furucin kan mutuwarsa shi direban zai yi aiki, wato sabuwar tuhuma ke nan, ba kisan yaron shago ba. Kuma da yake a waya aka naɗa, sashe na 84 na buƙatar takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da sautin. Marubucin da ya tsara wannan ba guduwa ya yi ba.

Sista Nas: To in dai sai ya mutu, ku sa a ranku ya mutu, kuma Sufeto na da hannu. Ku dubi inda harsashin ya shiga, cikin cinya ta sama, wurin da babbar jijiyar jini ke bi. Jinin da aka nuna ja ne jawur yana tsartuwa. Babban mutum jinin jikinsa kusan lita 5 ne, in ya zubar da wajen lita 2 ya shiga haɗari mai tsanani, kuma wannan jijiyar cikin 'yan mintuna take kai mutum can. Abin yi na farko a danna raunin da ƙarfi da tsumma, da nauyin jiki gaba ɗaya. In bai tsaya ba a ɗaure sama da raunin da kamar yatsu uku, tsakaninsa da gangar jiki, a sa ƙarfe ko sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure. Shi me ya yi? Ya cire bel ya ɗaura a ƙasan raunin, kusa da gwiwa, ko murɗawa bai yi ba. Bel kaɗai ba ya matsewa yadda ake so. Daga nan ya saki ƙafar ya ɗauko waya. Abin da ke damuna yara na kallo, gobe wani zai yi haka a wurin hatsarin babur.

Na Sufeto Har Abada: Anti, a bar Sufeto ya huta. Mutum shi kaɗai, a cikin duhu, ana harbi. Da ya kai shi asibiti ma ce masa za a yi sai da takardar 'yan sanda.

Sista Nas: Shi ba ɗan sanda ba ne? Kuma tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran wannan takardar ba. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara magani.

Tsohon Saja: Shi kaɗai ɗin ma ai shi ne laifin farko. Ba a fita samame ba a rubuta a littafin ofis ba, ba a ɗauki ko kofur ɗaya ba. Bindiga ana sa hannu a karɓe ta a ma'ajiyar makamai, a ƙirga harsasai, in an dawo a sake ƙirgawa, wanda ya ɓace a yi bayaninsa. Wayar da ya naɗi muryar kuma tasa ce ta aljihu. Lauyan Alhaji zai tambaye shi a hannun wa ta kwana, wa ya taɓa ta, yaushe aka miƙa ta ga mai ajiyar kayan shaida. Sannan tun kashi na farko ake ce masa Sufeto alhali anini uku ne a kafaɗarsa. Anini uku DSP ne, wato mataimakin sufurtanda, wanda ke sama da Sufeto. Kuma shari'ar kisa ba ta zama a hannun ofishin unguwa, sashen binciken manyan laifuka na jiha ake turawa.

Na Sufeto Har Abada: Baba Saja, da girmanka, amma ku duk haushin ɗan wasan kuke ji don ya fi naku gwanin karɓuwa. Ku nuna min wanda zai yi kukan da ya yi a kan direban nan.

Tsohon Saja: Yaro, ni kaki na gyara, ban taɓa kukansa ba.

Ɗan Wunti: Siton nan dai a Bauchi aka ɗauke shi. Dutsen da ya fito ta bayan katanga lokacin da mota ta juya, duk ɗan Bauchi ya san irinsa. Lambar motar Alhaji ma BAU ce.

Ɗan Jekadafari: Malam, buhunan masara da wake jibge har rufi, da 'yan dako a bakin ƙofa, wannan kasuwar Tudun Hatsi ce ta Gombe. Motar 'yan sandan farin kaya kuma GME ce.

Ɗan Wunti: Mota ana aro. Dutse ba a aro. Kuma kafin 1996 ku ma a jihar Bauchin kuke.

Maman Biyu Pantami: To sai me? Shekara nawa yanzu? Duk abin kirki sai ku ce naku ne.

Mai Haɗa Hoto: Kuna iya yin daidai ku biyun. Ana ɗaukar wajen gini a gari ɗaya, cikinsa a wani gari, a haɗa. Ku lura hasken waje na yamma ne, na ciki kuwa fitila ce aka sa wa shuɗiyar leda don ya yi kama da dare.

Ɗan Wunti: Darakta ya faɗa a wata hira cewa Bauchi ne.

Ɗan Jekadafari: Wace hira?

Ɗan Wunti: Wani abokin mai ɗaukar hotonsu ne ya faɗa.

Baba Magatakarda: Barista, ban ga amsarka ba kan rufe ƙara.

Barista: Baba, na amsa. Ba a nuna an rufe ba, don haka ba a rufe ba.

Baba Magatakarda: Ba a nuna an kora ba ma.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. An tabbatar sallamar Alhaji aka yi, ba wankewa ba, Barista ya kawo sassan doka ƙarara. Wannan ya nuna marubucin ya yi bincike, kuma baƙin allo hikima ce don a jira zango na biyu, ba yaudara ba kamar yadda ƙaninmu ya yi zargi cikin fushi. Sufeto ya yi iya ƙoƙarinsa a halin da ya samu kansa, 'yan kurakuran kaki da na bel ba sa rage wa shirin komai. Mafi rinjaye sun yarda a Gombe aka ɗauki sito. Akwai kyakkyawan zaton direba zai rayu. Na gode wa kowa, an rufe wannan batu.

Sista Nas: Shugaba, ban ce zai rayu ba. Cewa na yi bel ɗin a ƙasan rauni yake.

Baba Magatakarda: Ni ma ban janye ba.

Ɗan Jekadafari: Har yanzu babu wanda ya faɗa min wa aka harba da allo ya yi baƙi.