Landfill: bola, juji, ko me za mu ce?

Mai Shirin Muhalli: Assalamu alaikum malamai. Ina da shiri ƙarfe huɗu, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: landfill. Labarin Amurka ne. A ƙarshen 2018 jihar Michigan ta yi dokar da ta hana hukumominta kafa ƙa'idar da ta fi ta tarayya tsauri, sai in sun kawo ƙwaƙƙwarar hujja. Gwamna Rick Snyder ya sa hannu yana dab da sauka. A 2023 majalisar jihar ta soke ta, Gwamna Gretchen Whitmer ta sa hannu. Dokar ba ta shara kaɗai ba ce, amma ta nan nake son kama ta, tunda jihar har sharar Kanada take karɓa. Na rubuta "bola", hankalina bai kwanta ba.

Bakatsiniya: Juji mana. Me ya yi zafi?

Injiniyan Ruwa: Hajiya, ba juji ba ne, ba kuma bola ba. In ka ce bola, mai sauraro awaki zai gani da hayaƙi da 'yan jari-bola. Wannan kuwa gini ne. A ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar a 1991, ana daɓe gindin ramin da yumɓu kaurin ƙafa biyu, a shimfiɗa roba mai kauri a kai, a jera bututun da ke janye baƙin ruwan da shara ke tsattsafowa. Kullum in an tashi aiki a rufe sharar ranar da ƙasa inci shida. Akwai rijiyoyin gwaji a kewaye don a san ko ruwan ƙasa ya gurɓata. Ko an rufe wurin, mai shi zai ci gaba da kula da shi shekara 30. Wace bola ce ake wa wannan hidimar?

Malamin Nahawu: Ai an gama wannan magana tuni, ku ne ba ku karatu. Mabinna. Rina ta ba mu marina, jima ta ba mu majema, saƙa ta ba mu masaƙa. Binne ta ba mu mabinna. Mabinnar shara. Na sha koya wa ɗalibaina haka.

Bakatsiniya: Allah gafarta Malam, ni da na ji mabinna sai da gabana ya faɗi. Makabarta ce ta zo mini.

Ɗan Damagaram: Kuma a rubuce ba a san wurin ake nufi ko mutanen ba. Marina wuri ne, marina kuma masu rini ne, karin sauti ke raba su. Mabinna ma haka, ana iya ɗauka masu binnewa ne. Mu nan jibji muke cewa, amma na san ba za a ɗauka ba, tunda ba daga Kano ta fito ba.

Malamin Nahawu: A rediyo zai faɗa, karin sautin zai fito. Kuma ba wanda ya taɓa ɓata hanyar Ƙofar Mata don marina na da ma'ana biyu. Batun Kano kuwa, daidaitacciyar Hausa ba ni na yanka mata ragon suna ba.

Ɗan Damagaram: Ba kai ka yanka ba Malam, amma kai ke rabon naman. Ƴan Nijar sai mu ji a rediyo an yanke mana.

Auta: Ni dai a gafarce ni, me zai hana a ce lanfil kawai? Asibiti da mota da rediyon ma ai ba kakanninmu suka raɗa su ba.

Malamin Nahawu: Yaro, ana aro ne in babu a gida. Muna da binne, muna da shara, muna da ma-, sai mu tafi bara? Wannan lalacin ne ya sa yau ɗan jarida ke buɗe baki rabin jimlarsa Turanci. Ka ce wa tsohuwa a Rimin Gado lanfil, ta ɗauka maganin ciwon kai ne.

Auta: In aka ce mata mabinna kuma ta fara salati.

Mai Shirin Muhalli: Jama'a, ƙarfe uku saura kwata. Akwai ma ta biyu. Na rubuta "kada dokar jiha ta wuce ta tarayya". Ya yi?

Injiniyan Ruwa: A'a, nan ne ma haɗarin, ya fi na bola. In ka ce kada ta wuce, Bahaushe zai ji kamar jihar ce ke wuce gona da iri aka taka mata birki, ka ga ka ɗauki ɓangare ba ka sani ba. Dokar tarayya ta 1976 kan shara, wadda suke kira RCRA, mafi ƙarancin abin da za a yi ta gindaya, ta bar wa jihohi damar ƙarawa. Irin dokar Michigan mayar da mafi ƙarancin take ya zama iyaka. Masu goyon bayanta na cewa kamfani ya san abin da zai tarar, kuɗin aiki ya ragu. Masu adawa na cewa jihar da manyan tafkuna suka kewaye ba za ta auna kanta da ma'aunin da aka yi wa ƙasa baki ɗaya ba. Ka ce "kada ta fi ta tarayya tsauri". Dole kalmar tsauri ta fito.

Bakatsiniya: Wato ta tarayya farilla ce, jiha na son ƙara nafila, aka ce ba ta isa ba.

Ɗan Damagaram: Wallahi Hajiya kin gama bayani. Sai dai kada ya faɗi haka a iska, wayoyin da za a bugo ba na shara za su zama ba.

Mai Shirin Muhalli: To ga abin da zan karanta: "wurin binne shara na zamani, wanda ake daɓe gindinsa don kada ruwan sharar ya kai ga rijiyoyi". Daga nan sai in riƙa cewa wurin binne shara. Bola zan bar wa irin tamu ta bakin kududdufi.

Malamin Nahawu: Wurin binne shara ai mabinna ce aka warware mata rawani. Kalma uku a inda ɗaya ta isa. Je ka karanta, amma ka sa mabinna ko sau ɗaya, kunnen mutane ya fara sabawa.

Mai Shirin Muhalli: In lokaci ya ragu, Malam. An kira ni ɗakin shiri.

Ɗan Damagaram: Jibji dai ko a gaisuwa ba a ambace ta ba.