Neman kalmar Hausa: art therapy, kafin Alhamis

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Akwai takardar da za a raba wa sababbin likitoci masu shekarar horo da masu neman ƙwarewa, ranar Alhamis za ta shiga ɗab'i. Abin da ya tsaya mini shi ne fassara art therapy, wato amfani da zane don sauƙaƙa damuwar rai, da babbar yayarta creative arts therapies, wadda ta haɗa zane, kiɗa, wasan kwaikwayo, rawa da rubutun waƙa. Na sa "magani da fasaha", bai kwanta mini ba.

'Yar Mabera:
Ba zai kwanta ba. Fasaha injiniyoyi sun ƙwace ta, mai karatu zai zaci na'ura ce. Sa "ƙirƙira".

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Magani ma cire shi. Likitan da ke zagayen wata uku-uku a sassa huɗu, kullum yana kwanan kol, wato kwanan aiki a asibiti, in ya ga "magani" zai ɗauka an mai da shi majinyaci, ba zai zo zaman ba. Abin da ake son tarewa shi ne ƙonewar aiki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin matsalar wurin aiki, ba cuta ba: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe ga aikin, mutum ya ga ba ya tsinana komai.

Kuma ku san yadda zaman yake kafin ku raɗa masa suna. Mutum 6 zuwa 8, minti 90, sau ɗaya a mako. Minti 10 na buɗewa, 40 hannu na cikin yumɓu ko gawayi da takarda, 30 kowa ya faɗi abin da ya ga dama kan nasa, 10 na rufewa. Ba a duba kyau, ba a ba da maki. Inda yake lalacewa: babban likitan da ke sa hannu a takardar horonsu ya shigo ya zauna, sai bakin kowa ya mutu. Ko mai jagoranci ya fara fassara wa mutum zanensa kamar mafarki. Ko a sa zaman bayan kwanan kol, a yi ta gyangyaɗi. Wanda ya ambaci tunanin kashe kansa kuwa, wannan ba na yumɓu ba ne, a ranar za a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ba nisa.

Ɗan Gidadawa:
Duk kun tahi nesa. Kalma guda munka buƙata: warkazane. Baturen da ya ƙago tasu, Adrian Hill, mai zane ne da ya yi jinyar tarin huka, a 1942 ya haɗa kalma biyu, ba wanda ya tuhume shi. Mi za ya hana mu?

'Yar Mabera:
Allah shi gafarta Malam, "an yi wa likita warkazane" a kunnena bulala ya sha. Kuma ina kiɗan, ina rawar?

Ɗan Gidadawa:
Kiɗa da rawa don waraka, sunansa na nan tun kaka da kakanni, girka ce. Ku rubuta haka a birnin Shehu ku gani. Ita ko "ƙirƙira", 'yan rediyon Kano sunka ɗora muna ita, ku kuna amshi.

'Yar Mabera:
Ƙirƙira ba ta da gari, Malam. Sakkwatawa ma suna ƙirƙirar ƙarya.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Girka da iskoki take hulɗa, wannan da abin da ke cin mutum a rai, a hannun wanda ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam. Amma Malam ya taɓo gaskiya ɗaya: wasu ba za su zana mai rai ba. A ajiye musu zayyana irin ta bangon soro, da rini, da rubutu.

Mai Fassara:
To ga inda na tsaya. Cikin takarda: "waraka ta hanyar ƙirƙira", da jimla ɗaya mai lissafo rassan biyar. A allon sanarwa: "zaman ƙirƙira" kawai. Mai jagoranci fa?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
"Ƙwararren mai jagorantar zaman." Kada ki sa malamin zane, za a zo da fensir ana jiran darasi. Waraka ma ta yi mini alkawari da yawa, amma ta fi magani.

Ɗan Gidadawa:
Kalma huɗu inda guda ta isa. Ku buga, ni dai warkazane nika cewa.