Matuƙan jirgin kaya mazauna Maradi: zuwa tashar aiki da ladabin hawa jamsit

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum manya. Tambayata ga waɗanda suka riga mu shiga aikin jiragen dakon kaya. Iyali suna Maradi, tashar aiki kuwa tana wata ƙasa, ko Legas ko Lome ko Adis Ababa. Yaya ake tsara tafiyar har mutum ya isa da sauran ƙarfinsa? Sannan kujerar naɗin nan da ke bayan matuƙa biyu, jamsit, wa ke da ikon ba da ita? Wasu ƴan uwa sun karanta yadda ake yi a Amurka, suna ganin baj, wato katin shaidar ma'aikaci, kaɗai ya isa.

Kumandan mai ritaya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara raba abu biyu da matasa ke haɗawa. In kamfani ne ya ɗauke ka daga wata tasha zuwa wata don ka karɓi jirgi, wannan aiki ne, awoyinsa suna shiga lissafin aikinka, shi kuma zai nemo maka wurin zama. In kai ne ka taso daga gida zuwa tasharka, tafiyarka ce, kuma daga hutunka take ci.

A Amurka kamfanoni suna da yarjejeniya a tsakaninsu, ga kuma tsarin kwamfuta mai suna CASS, wanda ke nuna sunan matuƙi da hotonsa a bakin ƙofa, a tabbatar har yanzu ma'aikaci ne. Shi ya sa matuƙin wannan kamfani ke hawa jirgin wancan. Kada ka ɗora lissafinka a kan haka. A wajenmu littafin aikin kamfani ne ke faɗin wanda zai shiga ɗakin matuƙa, yawanci sai da izini a rubuce daga daraktan harkokin tashi. Bayan duk wannan, maganar ƙarshe ta kumandan jirgin ce. Ko takarda na hannunka, in ya ce a'a, ka yi godiya ka koma. Sufeton hukumar jiragen sama da mai jarraba matuƙa suna gabanka a layi, ko da kai ka riga su nema. Zanen aro ba ya rufe katara, don haka kullum ka riƙe wata hanya ta biyu da kuɗin tikiti a aljihu.

Hajiya ta ofishin tsara tashi:
Baba Kumandan ya yi bayani, bari in ƙara ɓangaren takardu, don a nan ne aka fi faɗuwa. Ka aika buƙata kwana biyu ko uku kafin ranar, gwargwadon ƙa'idar kamfani, da lambar jirgi, da rana, da lambar fasfo. Ranar tafiya ka riƙe lasin, takardar likita mataki na ɗaya wadda ba ta ƙare ba, baj na kamfani, fasfo, da katin rigakafin shawara.

Babban abin shi ne sunanka ya shiga takardar da ake miƙa wa jami'an shige da fice, wadda muke kira jandek. Jirgin kaya ba shi da teburin tikiti da zai gyara maka kuskure. In ka sauka wata ƙasa sunanka ba ya cikin takardar, babu abin da ke nuna yadda ka shigo, kuma kamfanin da ya yi maka alheri shi zai sha tambayoyi. Ka kuma tambaya tun daga gida ko ƙasar za ta ɗauke ka ma'aikacin jirgi ko fasinja, don in fasinja ne, maganar biza ta taso. Harafi ɗaya da ya saɓa da na fasfo ya isa ya tsayar da kai, sunayenmu kuwa kowa da yadda yake rubuta su, wani Mahamadou wani Muhammad. Ka duba da idonka kafin a buga.

Mai lissafin lodi:
Izini ya fito ba ya nufin ka tafi. Kai da jakarka wajen kilo 100 ne, kuma dole ku shiga takardar nauyi da daidaito. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, iska takan yi sako-sako, injin ba ya ba da ƙarfinsa duka, nauyin da jirgi zai iya tashi da shi ya ragu. In an zo kan iyaka, ba a sauke kayan da aka biya kuɗinsu don mai neman alfarma. Kai za a bari.

Na biyu, akwai kaya masu haɗari da doka ta ce jirgin kaya kaɗai zai ɗauka, da tambarinsu ruwan lemo a jikin kwali. In suna ciki, waɗanda aka yarda su hau sun taƙaita, ya danganta da matsayin da aka rubuta ka. Na uku, yawan mutane ba ya wuce yawan kujeru masu bel da takunkumin iskar oksijin. Takunkumin jamsit ya lalace, kujerar ta rufu ke nan, ko da tana nan lafiya lau.

Matuƙin jirgin Boeing 737 na dare:
Ɗan Bagalam, ni hanyar ce damuwata fiye da kujerar. Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 650, ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Bas ɗin asuba takan ci kusan awa goma. Wanda zai shige ta ya farka tun ƙarfe uku na dare. In ya isa Yamai da la'asar, ya hau jirgi zuwa tasharsa, ya karɓi aiki ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya yi awa ashirin ido biyu kafin ma ya taɓa sitiyari. Aikin kaya kuwa na dare ne, yana faɗawa daidai tsakanin ƙarfe biyu da shida na asuba, lokacin da jiki ya fi neman barci. Gyangyaɗin cikin bas ba barci ba ne, kada ka lissafa shi.

Ta Kano ya fi kusa, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, amma sai ka bincika halin iyaka da na hanya a ranar. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazon hunturu yakan rufe fili, a jinkirta tashi ko a soke.

Tsarin da ke aiki: ka isa garin tasharka kwana guda kafin aiki, ka yi barcin awa takwas a kan gado. Ka tanadi jirage biyu da za su iya kai ka, na farko ya kuɓuce, na biyu yana nan. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku kama ɗaki kusa da filin jirgi, da labule mai kauri saboda barcin rana. Hukumar jiragen sama ta Turai ma tana ba da shawarar cewa wanda tafiyarsa daga gida zuwa tasha ta saba wuce minti 90 ya nemi masauki kusa. Mu namu ya ninka wannan sau nawa?

Ku tuna jirgin kamfanin Colgan da ya faɗi kusa da birnin Buffalo na Amurka ranar 12 ga Fabrairu 2009, mutum 50 suka rasu. Mataimakiyar matuƙin ta kwana ne a hanya daga Siyatil, cikin jiragen kaya, kafin ta isa tasharta a Newark. Masu bincike sun ɗora babban dalili kan yadda kumandan ya sarrafa jirgin da gargaɗi ya zo, amma sun yi dogon bayani kan gajiya da wannan irin zirga-zirga.

Makanike:
Kaɗan daga wajena. Kafin a rufe ƙofa ka ce a nuna maka abu huɗu: yadda kujerar ke buɗewa ta kulle, bel mai ɗauri ta kafaɗu da ƙugu, inda takunkuminka yake, da hanyar fita in an yi gaggawa. Jirage sun bambanta, sanin 737 ba ya sa ka san 777. Ka gwada takunkumin da hannunka, ka ji iska ta fito. A tsayin ƙafa 35,000, in iska ta zube daga jirgi, abin da ya rage maka na hayyaci bai wuce minti ɗaya ba. Ka lura kuma da gwiwarka da madaurin jaka, kada su taɓa maɓallan da ke tsakanin matuƙan ko fis-fis ɗin da ke bangon baya.

Kumandan mai ritaya:
Madalla. Sai zaman kansa. Ka zo da wuri, ka je ka gaida kumandan da kanka, ka miƙa takardunka tun bai tambaya ba, ka roƙa. Kada ka ce "an ba ni kujerar". Daga lokacin da jirgi ya fara motsi har ya wuce ƙafa 10,000, haka kuma wajen sauka, ba hira. Waya a kashe, ba hoto. Ka sa abin sauraro a kunne ka bi rediyo, domin a wannan kujerar ana ɗaukarka ɗaya daga cikin ma'aikata, kuma ƙa'idar lafiya da magunguna masu sa barci tana kanka kamar yadda take kansu. In ka ga wani jirgi ya kusanto, ko an ba da tsayin da ba shi aka saita ba, ka faɗa a taƙaice, da murya sarai, hannunka a cinyarka. A jirgin kamfanin Lion Air na Indonesiya na 28 ga Oktoba 2018, da matsala ta taso, matuƙin da ke zaune a jamsit ne ya nuna a kashe injin saita wutsiya, suka sauka lafiya. Washegari wannan jirgin ya faɗi da wasu matuƙa.

In kuma ka ga kumandan yana tsananta bincike, kada ka ji haushi. A Afrilu 1994 wani ma'aikacin kamfanin dakon kaya na FedEx da ya hau a matsayin mai neman kujera ya far wa matuƙan da guduma. A Oktoba 2023 wani matuƙi da ke jamsit na jirgin kamfanin Horizon na Amurka ya kai hannu zai kashe injuna. Kowane kumandan yana da waɗannan a ransa.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu: sai da yunifom? Kuma saƙo fa? Da an ji za ka tafi, ƴan uwa sun kawo ƙulli.

Hajiya ta ofishin tsara tashi:
Yunifom ya fi sauƙi a ƙofar kaya, don masu gadi sun fi gane shi, in ba shi ba tufa mai tsabta da rufaffen takalmi, da rigar nan mai sheƙi ta tafiya a filin jirgi. Saƙo kuwa, ƙanena, kada ka karɓi ƙullin da ba a gabanka aka ɗaure shi ba, ko daga hannun wa ya fito. Kilishi da sauran nama ma ƙasashen Turai sun hana shiga da su. Kayan sayarwa kuma sam, duwan za su ɗauke shi fatauci da jirgin kamfani, kuma abu ɗaya irin wannan kan sa a rufe kujerar ga kowa. Jaka ɗaya ta kaya, ɗaya ta aiki. Ka faɗa wa mutanen gida tun kafin ranar, don kada a kawo maka a tashar bas inda ƙin karɓa ke da nauyi.