Neman shawara: bincikena kan hayaƙin girki ya tsaya cak

Ɗaliba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Na kai wa malamina maudu'i kan gurɓatar iska a Afirka, ya dawo mini da shi, wai ya yi faɗi. Yanzu ina so in taƙaita kan hayaƙin itace da gawayi da tarin ƙananan yara a unguwarmu a Kano, amma ba ni da kuɗin na'urar auna hayaƙi. Ta ina zan fara?

Malamin jami'a: Wa alaikumus salam. Gata malaminki ya yi miki. Batun ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin hayaƙin cikin gida. Kuma ba dole sai da na'ura ba. Binciken NDHS na 2018, wato binciken yawan jama'a da lafiyarsu a Najeriya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya tambayi gidaje da me suke girki, ya kuma tambayi iyaye mata ko yaro ya yi tari da saurin numfashi cikin makonni biyu da suka wuce. Fara da shi. Amma ki karɓi izinin kwamitin ɗa'a, wato mai tantance bincike kan mutane, kafin ki yi sallama a gidan kowa.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, kada ki ce wa mace "da me kike girki" ki tsaya nan. Gas za ta ce miki, alhali gas ɗin na shayi ne da ɗumame. Wake da tuwo kuwa sai murhu, balle yanzu da cika tukunyar gas ya zama aiki. Tambaye ta ko da goyo take hura wuta, ko a tsakar gida take girki ko a kicin marar taga. Nan yaron ke shaƙa.

Wani ɗan rukuni: Malam, a gafarce ni, NDHS alƙaluman jiha zai ba ta, ba na unguwa ba. Ki gwada aron na'ura a sashen nazarin muhalli. In kin samu, kada ki auna da hunturu kaɗai, ƙurar hazo za ta lalata miki lissafi.

Ɗaliba: Allah ya saka da alheri. Anti, in haɗa da masu tuyar ƙosai da waina?

Ma'aikaciyar jinya: A'a, su awanninsu gaban wuta daban ne, za su rikita miki sakamako. Ajiye su sai digiri na uku.