Neman shawara: sifirin ɗin gaban motata ya hana ni sakat da ƙara, kuma ina son in ƙara ɗaga ta

Mai fikof:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema akan motata. Fikof ce mai ƙofa huɗu mai jan ƙafa huɗu, gabanta kwayil sifirin ne wato mai murɗiyar nan, bayan kuma mai falle-falle. Bara na sa mata ƙarfen gaba da winci, wato injin jan nan mai igiyar ƙarfe, saboda yanayin aikina, tun daga nan gaban ya zauna, in na faɗa rami sai inji ta buga gau kamar ba komai tsakanin taya da shasi. Wata huɗu kenan na kaita gareji aka cire sifirin ɗin gaba biyun aka sa waɗanda suka fi su tsawo, shoka dai ba a taɓa ba tsofaffin ne. Gaban ya tashi Alhamdulillah amma sai ya zama anyi gudun gara an faɗa gidan zago, dan yanzu ƙara ce ta addabe ni kuma ɓangaren direba kaɗai. In na hau bamp a hankali sai kaji ƙiiiƙ kamar tsohuwar ƙofa, in na karya sitiyari gaba ɗaya zan fita daga gida kuma sai wani ƙwas guda ɗaya kamar an saki abu, amma akan kwalta mai kyau da gudu shiru kakeji. Na koma wajen wanda yayi aikin ya watsa baƙin mai a wurin, tayi shiru kwana biyu ta dawo har tafi da. Wlh abin yana damuna dan da motar nan nake neman abinci kuma da ita nake ɗaukar iyali. Tambayata biyu ce, menene yake wannan ƙarar, sannan tunda za'a sake kwance ƙafar ina tunanin in ɗaga ta inci 3 gaba ɗaya in sa manyan tayoyi dan ta riƙa ɗaukar lodi sosai. Me kuka gani?

Wani ɗan uwa:
Wa alaikumussalam. Malam ka samu tsohon tiyo na ruwa ka tsaga shi ka zura a zagayen sifirin ɗin na ƙasa, ni haka nayi wa tawa shekara biyu kenan banji komai ba

Bakanike:
Wa alaikumussalam yallaɓai. Kafin maganar tiyo, kafin maganar ɗagawa ma, baƙin man nan da aka watsa a daina. Sifirin ba akan ƙarfe tsura yake zaune ba, akwai robar da yake hawa kai, wasu motocin sama kawai wasu sama da ƙasa, ita ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. Man inji da giris na yau da kullum suna kumbura roba su sa tayi laushi ta yage, ga ƙasa da yashi da suke mannewa a jiki su koma kamar sanfefa. Shiyasa tayi shiru kwana biyu ta dawo da ƙarfi. In za'a fesa wani abu to man silikon ne, shima dan gano inda ƙarar take ne, ba shine gyaran ba.

Yadda ka bada labarin nan ni abu biyu nake zargi. Na farko wutsiyar sifirin. Ka leƙa ƙasa inda yake zaune a jikin shoka zakaga farantin ba shafaffe bane, yana da ɗan tudu kamar matakala, to bakin wutsiyar nan dole yaje ya tokari wannan tudun. In mai ɗaurawa yayi sauri ya bar rata ko da faɗin yatsa biyu ne, duk lokacin da nauyi ya sauya sai sifirin ya ɗan juya ya koma, wannan shine ƙwas ɗin da kakeji. Na biyu kuma ƙiiiƙ ɗin, ka tambayi mai aikin a wane hali ya ɗaure notin ƙasan shoka da na lowa am, wato hannun ƙarfen ƙasa da ke riƙe da taya, in ya kwance su. Yawanci motar na rataye akan jak ake matse su a gama, kuma kuskure ne, dan bushin na roba, wato robar da bolt ɗin ke ratsawa ta cikinta, ba juyawa yake akan bolt ba murɗewa yake, in ka matse shi taya na lilo, da an sauke motar ya riga ya murɗe kafin ma ta taka hanya, wata kaɗan ya tsage ya fara kuka. Ana sa notin ne sako-sako, a sauke motar ta tsaya da nauyinta, sannan a matse.

Mai fikof:
Oga ngd sosai. Na tuna a gabana akayi, motar na sama ya matse komai da dogon sifana har yana takawa da ƙafa. Amma ya zanyi in tabbatar kafin in sake kashe kuɗi?

Bakanike:
Ba sai ka sayi komai ba tukuna. Ka wanke ƙafar tas da ruwa da sabulu baƙin man ya fita, ka bari ta bushe. Ka samu tocila ka duba sifirin ɗin zagaye-zagaye, duk inda kaga fenti ya goge ƙarfe na ƙyalli to nan ake gugar. Ka shafa da yatsa har ƙarshen zagayen ƙasa dan nan yafi karyewa, wurin da ruwa da laka ke kwanciya tsatsa ta ci, wani lokaci guntun da ya karye yana nan kwance a farantin baka sani ba. Sai ka sa alli ka ja layi daga wutsiyar zuwa farantin, kayi tafiyar kwana ɗaya ka dawo ka duba, in layin ya rabu to yana juyawa. Na ƙiiiƙ kuma ka sa mutum biyu su riƙa danna gaban motar yana tashi, kai kana gefe ka ɗora hannu akan am ko bushin, ba cikin sifirin ba dan Allah kar yatsa ya shiga, zakaji wanda ke karkarwa daidai lokacin ƙarar. Ko ka riƙa fesa ruwa wuri ɗaya bayan ɗaya, wanda ka jiƙa ƙarar ta ɗauke shine.

Tsohon direba:
Yaro ka saurari bakaniken nan. Abu ɗaya zan ƙara, shekaru nayi ina tuƙi kuma sau da yawa abinda ake ɗora wa sifirin ba laifinsa bane, stabilaiza link ne, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da sandar da ke hana ta kwanciya a kwana, ko robobin stabilaiza ɗin, su ne masu ƙwas-ƙwas a hanya mai gargada. A kwance link ɗin biyu a ɗaure sandar da waya kar ta taɓa komai, ka zagaya a hankali kusa da gida, in ƙarar ta tafi ka gano ɓarawon. Amma a hankali nace, dan babu shi motar kwanciya take a kwana. Sannan ƙarar da ke zuwa in an karya sitiyari ni tsoro take bani, a duba boljoin na ƙasa, wato mahaɗin da ke haɗa am da ƙarfen da ke riƙe taya. Na taɓa gani da idona ya fita mota na tafiya, tayar ta kwanta a ƙarƙashin fenda kamar an naɗe ta, Allah ya taimaka ba gudu yake ba. Wanda ya bushe yakan yi irin kukan tsohuwar ƙofar da ka faɗa kafin ya saki. Ka duba robarsa in ta fashe giris ya zube kar ka jira gobe.

Wani ɗan uwa:
To ni tiyon nawa laifi ne kenan?

Bakanike:
A'a ba laifi bane ɗan uwa, yana da wurinsa. Akwai sifirin da zagayensa ba daidai suke ba, wasu a matse wasu a buɗe, an yi shi haka ne dan yayi laushi in ba kaya yayi tauri in an danne shi. Waɗancan matsattsun suna haɗuwa su riƙa tafi da juna, shiyasa wasu kamfanonin ma da rigar roba suke sayar da shi. Irin wannan in ka sa tiyo ka gyara. Amma in sifirin ya karye ko bai zauna ba ko boljoin ne ke kuka, ka kashe maciji ne baka sare kai ba.

Injiniya:
Slm. Tunda an yi maganar ƙara bari in taɓa ɗaya tambayar dan naga ba wanda ya kula ta, kuma nan ne kuɗi zasu tafi. Malam ɗaga mota daban, ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya daban. Nauyin da motarka zata iya ɗauka a rubuce yake a ɗan farantin da ke jikin ƙofa ko cikin littafinta, kuma an lissafa shi ne da burki da aksul da shasi da tayoyi, ba sifirin kaɗai ba. Ka sa sifirin mai tauri zata daina zama, amma burkin nan shine dai na da. Kuma ƙarfen gaba da wincin da ka sa duk daga cikin wannan nauyin aka cire su.

Maganar inci 3, a gaba irin naka ban baka shawara ba. Irin waɗannan fikof ɗin, misali Hilux tun daga samfurin 2005 da aka daina amfani da toshan ba, wato sifirin mai siffar sanda, aka koma kwayil, kowace taya da am ɗinta sama da ƙasa, kuma iya tafiyar da am zai yi sama da ƙasa ƙayyadaddiya ce. In ka ɗaga motar ba ƙara wannan tafiyar kayi ba, ka ci daga rabon saukar taya ne, sai ta zama in ka faɗa rami tayar bata da sauran inda zata sauka, shoka ya miƙe ya buga. Shaf ɗin gaba kuma, wato sandar da ke juya tayar, ya karkace fiye da yadda aka tsara, robarsa ta riƙa gugar kanta tana yagewa, boljoin na sama ya kusa ƙurewa, alaimen, wato saitin tayoyi, ya ƙi saituwa sai an sayi wani ofa am, wato am ɗin sama, na musamman. Inci 2, wato kamar milimita 50, shine inda yawanci ake tsayawa ba tare da an shiga wannan ba. Kuma ka kula da masu cewa a sa sifesa, wato wani abu mai kauri da ake cusawa dan ƙara tsawo, a saman shoka, dan shokan ba a bakin taya yake ba yana can ciki a jikin am, saboda haka sifesa mai kaurin inci 1 yakan ɗaga motar kusan inci 2, mutane da yawa nan suke wuce gona da iri basu sani ba. Sifesa kuma bai ƙara wa sifirin ƙarfi ko kaɗan.

Abinda ya dace da kai a ganina sifirin da aka yi dan nauyin da ke gaban motar dindindin, masu yin su irinsu Old Man Emu da Dobinsons suna rubuta wanne ne na mota tsura wanne ne na mai ƙarfen gaba da winci, sai ka haɗa da shokan da aka yi dan wannan sifirin ɗin. Sabon sifirin akan tsohon shoka shine kuskuren da aka maka tun farko, shoka baya ɗaukar nauyi, aikinsa ya tsayar da lilon sifirin, wanda ya gaji bazai iya da mai ƙarfi ba. Kuma bibbiyu ake canzawa hagu da dama. Na baya kuma kar ka sayi na manyan kaya in ba kullum kayan ke ciki ba, in ba haka ba ranar da kake tafe ba lodi da iyali bayan zai riƙa tsalle har ta ɗan zame a kwana.

Mai tambaya ta biyu:
Ku gafarce ni in shigo ciki, tawa bayanta ma kwayil ne, na sa dogayen shoka, yanzu in taya ɗaya ta faɗa rami mai zurfi sai inji gwaram kamar an jefar da ƙarfe, me ke kawo haka

Injiniya:
Eh akwai irin waɗannan motocin, Ram 1500 tun 2009 da wasu Navara NP300 bayansu kwayil ne. A irin wannan shoka daban sifirin daban, kuma shokan ne ke hana aksul sauka fiye da kima. Ka sa wanda yafi tsawo, aksul na sauka har sifirin ya saki wurin zamansa, in motar ta dawo ya faɗa da ƙarfi. Ka ɗaga ta ta shasi tayoyin su yi lilo, in zaka iya girgiza sifirin da hannu to shine. Ko a sa sifirin mai tsawon da ya dace, ko a koma shoka daidai da shi, kar ka bari wata rana ya fice gaba ɗaya.

Tsohon direba:
Kuma dan girman Allah kar wanda ya karanta wannan yaje ya kwance notin saman shoka a gida ba abin matse sifirin mai kyau. Ƙarfin da ke ɗaure a wurin nan ya ɗauki gaban mota ne, in ya kuɓuce fuska ko hannu yake nema. Kar kuma a shiga ƙarƙashi mota na kan jak kaɗai.

Mai fikof:
Slm 'yan uwa na dawo da bayani. Na wanke na ja layin alli kamar yadda Oga bakanike yace, washegari layin ya rabu da kusan faɗin yatsa. Muka kwance a wani garejin, wutsiyar bata kai tudun ba ko kusa, farantin har yayi wani ɗan kwari mai ƙyalli inda take gogawa, robar sama kuma ashe tsohuwar aka mayar, ta lotse ta rabe biyu tana naso da baƙin mai. Bushin ɗin ƙasan shoka shima ya tsage zagaye. Boljoin ɗin da Baba tsohon direba ya faɗa mun duba da ƙarfe baya wasa robarsa lafiya lau, link ɗaya ne ya ɗan saki na canza biyun. An sa sabuwar roba, an zaunar da sifirin, an matse notin a gabana bayan an sauke motar ƙasa, yau kwana biyar banji ƙwas ba banji ƙiiiƙ ba. Inci 3 na haƙura, zan tsaya a 2 in haɗa da shoka sababbi in Allah ya hore. Abinda ya rage, na auna daga tsakiyar taya zuwa bakin fenda, ɓangaren direba ya gaza ɗayan da kamar milimita 10, wannan matsala ce ko in bari?

Bakanike:
Masha Allah. Milimita 10 ba abin tada hankali bane, a wasu motocin tanki da batir gefe ɗaya suke, shiyasa ma wasu sifirin ɗin ke zuwa da alamar wanne ne na hagu wanne na dama, in an zo sa shokan a duba ko an musanya su. Ka sake aunawa a shafaffen wuri iskar tayoyi daidai bayan sati biyu in ya gama zama, sannan kaje alaimen, ka sa a saita maka fitilun gaba ma tunda gaban ya tashi kar ka riƙa kashe wa masu tahowa ido.